Kwamfuta Marar Nauyi a Ƙasar Kebbe

Tun da na dawo daga ƙasar Kebbe ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagon Jamilu, inda muke gyaran kwamfuta da buga takardu a nan Tambuwal, sai ya ce, "Injiniya, ƙaƙa ƙauye? Wai da gaske baƙin allo ka kai musu?" Kafin in buɗe baki Jamilu ya riga ni, kuma duk ba da labarin sai ya ƙara abin da ba a yi ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda tafiyar ta kasance, iya abin da na gani da wanda na riƙe. Mai yiwuwa in yi kuskure a ƙananan abubuwa. Amma game da zaɓin da na yi, ba ni da niyyar ba kowa haƙuri.

Gwaggo Luba ce ta kira ni. Ƙanwar mahaifina ce, aure ya kai ta wani gari gaba da Kebbe, ta wajen Fakku, tana koyar da lissafi a sakandaren da mutanen garin suka gina da kansu. Bara ta raka ɗalibanta birni jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yi. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta zauna gaban kwamfuta karon farko a rayuwarta, lokaci yana tafiya tana fama da maus, ɗan abin da ake turawa da hannu, kibiyar allo tana guje mata. Ta san amsoshin, ba ta san yadda za ta taɓa su ba. Gwaggo ta dawo da fushi, kuma wanda ya san Gwaggo ya san fushinta ba ya tsayawa a baki. Ta bi wani tsohon ɗalibin makarantar har ya samo musu tsohuwar kwamfutar tebur ɗaya da laftof huɗu da ofishinsu ya daina amfani da su. Ta kuma karɓi ɗaki daga kwamitin iyaye. Sai dai ɗakin sito ne, inda ake tara geron gonar makaranta, kuma shugaban kwamitin, Alhaji Ummaru, da sharaɗi ya bayar: idan kaka ta yi bai ga yara suna aiki da abin ba, ɗaki ya koma na gero. Lokacin da ta kira ni, gero ya fara nuna.

Abin da take so shi ake kira saba. Kwamfuta ce ɗaya da ake ajiyewa ba don kowa ya zauna gabanta ba. Aikinta kawai ta riƙe tambayoyin gwaji da littattafai, ta riƙa miƙa wa laftof da wayoyin da ke kusa ta wayifai, ba sai da intanet ba. Aka aiko mini da kwamfutar tebur ɗin Tambuwal in duba. Na buɗe na ga ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, gig biyu kacal, faifan ajiyarta kuma ya tsufa har yana wata 'yar ƙara.

Sai batun tsarin da zan ɗora mata, wato babbar manhajar da ke tuƙa na'urar. Linux dai na san zan sa, tunda kyauta ne kuma babu sata a ciki, amma Linux iri-iri ne. Guda uku na ware. Sunayensu na Turanci ba za su ƙara wa kowa komai ba, don haka zan kira su da laƙabin da muka sa musu a shago. Akwai Hajiya, mai hotuna da tagogi da ado, kowa ya san ta, duk matsalar da ka samu wani ya riga ya tambaya a intanet. Sai dai kafin ta yi maka aikin komai ta riga ta cinye kaso mai yawa na ƙwaƙwalwar tsohuwar na'ura irin wannan. Akwai Dattijo, ba hoto ba ado, baƙin allo da farin rubutu, ba ya rawar kai a kan sabon abu, ba ya kuma ba ka kunya. Sai Ɗan Tsurut, wanda ƙanƙantarsa har dariya take bayarwa: da an kunna na'ura sai ya kwashi kansa gaba ɗaya ya zuba a ƙwaƙwalwa, ya yi aikinsa daga can, ba ya rubuta komai a faifai sai ka umarce shi. Aibinsa shi ne waɗanda suka san shi kaɗan ne, wasu manhajojin ba sa hawa kansa, kuma idan ka yi gyara ka manta ba ka ce ya ajiye ba, gyaran ya tafi.

Na gwada duka ukun, na kasa yanke hukunci. Jamilu ya gaji da ni.

"Kai dai Murtala tsoro zai kashe ka," in ji shi. "Sa musu Hajiya ka wanke hannunka. Mutanen ƙauye hoto su ka so. In sun ga hoto sun ga aiki."

Na ce ina jin sai na ga wurin tukuna.

"Wuri mi? Ɗaki na da soket. Don ka diba soket ka tafi jami'a?"

Na sa kowanne a filashinsa, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na ɗaure filashin ukun da zare na rataya a wuya ta cikin riga, na naɗe kwamfutar a bargo, na sa rauta da wayoyi a jaka. Rauta ita ce 'yar na'urar nan mai ƙaho biyu da ke watsa wayifai. Mahaifiyata ta ba ni sabulu da man shafawa in kai wa Gwaggo, ta kuma ce in daina wannan fuskar kamar wanda za a kai kotu.

Motar da na samu a tasha an cika ta har bisa kai da buhunan gishiri da jarkoki. Direba ya ce in kawo kwamfutar a ɗaure a but, bayan mota, na ƙi. Ya ce to kujerar mutum biyu ke nan, na ce zan rungume ta. Haka na zauna da ita a cinya, gwiwoyina a jikin kujerar gaba. Wata tsohuwa da ke gefena ta jima tana duban bargon, can ta ce, "Ɗana, mi na na ciki? In mai rai na, ka buɗe mashi ya sha iska." Na ce kwamfuta ce ta makaranta. Ta ce Allah Ya ba ta lafiya.

Damina ta ci hanyar sosai. A wani kwari motar ta kafe a laka, direba ya ce maza su sauka su tura. Na sauka da kayana a hannu, na rasa inda zan ajiye, ko'ina ruwa. Sai na tsaya gefe ina kallo ana turi, kuma ban ji daɗin tsayuwar ba. Wani mai sayar da albasa ya ɗago kai daga bayan mota, laka har goshi, ya ce, "Malam mai jego, a gaida jariri." Duk aka kwashe da dariya, har tsohuwar. Daga ƙarshe ita ta karɓi kwamfutar ta riƙe mini, na shiga lakar na tura, takalmina ɗaya ya zauna a can sai da aka tono shi.

Kusa da inda ƙasar Tambuwal ta ƙare ta Kebbe ta fara, 'yan sa-kai sun gitta itace a hanya. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san halin da ake ciki a dajin nan. Suka duba but, suka duba fuskoki, sannan ɗaya ya buɗe jakata ya zaro rauta. Da ya ga ƙahonnin sai ya kira babbansu, wani dogo mai furfura a gemu.

"Wagga da wa taka magana?"

Da na ce ta makaranta ce kawai, ina jin da an wuce wurin. Amma ni idan na tsorata bayani nake yi. Na fara gaya masa yadda take watsa sigina, da nisan da take kaiwa, da cewa ana iya ƙara mata nisa in an so. Ina magana fuskarsa tana ƙara ɗaurewa.

"Ana iya ƙara mata nisa? Har daji?"

Na ce a'a, wato a ƙa'ida ana iya yi, amma ba wannan ba, kuma ba ni ba. Ya ce in sauko da kayana. Direba ya fara cewa shi fa ba zai kwana a nan ba. Tsohuwar ce ta leƙo ta taga ta ce, "Yaro, faɗi wurin wa za ka, bar wanga Turanci." Na ce wurin Malama Luba mai lissafi. Dogon ya dube ni sama da ƙasa.

"Malama Luba? Wadda tas sa ɗiyata ta hana mu barci da haddar lissafi?" Ya mayar da rautar jaka da hannunsa. "Tafi. Ka ce mata Ɗanjuma na gaishe ta. Kuma gaba in an tambaye ka, ka taƙaita."

A Kebbe na ci tuwon shinkafa da miyar kifi a wata rumfa kusa da tasha, ina ci da hannu ɗaya, ɗaya a kan bargo. Daga nan mota ba ta shiga sai babur. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni sunansa Sambo, mutumin Jabo ne, ya ce noma ya kawo shi nan aure ya riƙe shi. Ya ɗaure kwamfutar a tanki da roba, ni ina baya ina miƙo hannu ta ƙarƙashin hammatarsa ina dafe da ita. Ya ce in na ci gaba da yi masa cakulkuli za mu faɗi mu ukun. A wani rafi muka sauka, ya tura babur, ni na ɗora kwamfutar a ka na ratsa, ruwa har cinya.

Gwaggo ta sauke ni a ɗakin baƙi na gidan mijinta, kusa da zaure. Gaisuwar mutanen garin ta fi tamu tsawo, kuma ba ta cika sai an tambaye ka bisashe, wato dabbobi. Ni ko kaza ba ni da ita, amma na ga in na faɗa zan ɓata gaisuwar, don haka kowa na ce masa suna lafiya. Furarsu ta fi tamu kauri, nonon kuma na safiyar ne, daga garken gidan. Da rana aka kawo hoce, wainar dawar nan, da yamma tuwon gero da miyar sure, wato yakuwa. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne ba a barin baƙo ya zauna shi kaɗai; suna ganin rashin kula ne. Ko na buɗe laftof ina so in yi tunani, sai wani ya shigo ya zauna kusa da ni ya yi shiru don ya taya ni zama.

Washegari muka tafi makaranta. Ɗakin ƙarami ne, an share shi, amma ƙanshin gero bai bar shi ba. Gwaggo ta jera laftof ɗin a kan bencina biyu, ta rufe su da zane. Wutar sola ce, batirinta ya gaji, soket ɗin kuma a bakin ƙofa yake, an jona masa doguwar waya mai ramuka da yawa. Na ga wayoyin hannu da fitilu a jone birjik, ban kawo komai a raina ba.

Dattijo na fara ɗorawa, don shi zuciyata ta fi kwanciya da shi. Ya hau lafiya. Na zuba tambayoyin, na kunna rauta, na cire sikirin, wato allon kallo, da kibod ɗin rubutu da na ara na ajiye gefe, laftof ta farko ta buɗe shafin gwaji. Gwaggo ta ce alhamdulillahi, ta tafi aji. Ina cikin gwada ta biyu sai shafin ya tsaya. Na waiwaya, na ga wata dattijuwa tana tsugune a bakin ƙofa, filogin sabar a hannunta, tana jona fitilarta a gurbinsa.

Na ce, "Inna, ai tana aiki!"

"Ta cika, ɗana. Diba, ta yi kore tun ɗazu."

Nan na fahimci abin da babu wanda zai gaya mini a Tambuwal. Wannan soket ɗin shi ne wurin cajin unguwar gaba ɗaya, kuma suna da ƙa'ida mai kyau wadda ta hana su faɗa: ja yana nufin abu yana sha, kada a taɓa; kore yana nufin ya ƙoshi, kowa yana da ikon cirewa ya sa nasa. Ita kuwa kwamfutar nan 'yar fitilar gabanta kore ce, tun daga kunnawa har kashewa. A idon duk mai shigowa, kullum a ƙoshe take.

Na yi wa Inna Hajo bayani, haka sunanta, ta ce to, ta ba ni ƙuli-ƙuli. Bayan ita wani ya zo. Bayan shi wata ta aiko. Na rubuta takarda na manna, amma ba kowa ke karanta boko ba, wanda ya karanta kuma ya ga kore da idonsa. Na liƙe fitilar da salatif, sai aka ɗauka a kashe take, aka cire. Ga batirin kuma, da hadari ya rufe rana sai wutar ta ɗauke da kanta. Ban ce duk cirewa ke lalata abu ba. Dattijo ya jure sau da yawa. Amma a rana ta gaba, bayan wata cirewar, ya ƙi tashi. Na jona sikirin na ga ya tsaya yana cewa ya sami matsala a faifai, yana jiran mutum ya rubuta masa umarni. Ni na san abin da zan rubuta. Idan na koma Tambuwal fa? Zai tsaya nan yana jira, a ɗakin da babu sikirin, har gero ya shigo.

Na zaro zaren wuyana na ciro Ɗan Tsurut. Shi da yake ba ya rubutu a faifai yayin aiki, cire filogi ba ya samunsa a tsakiyar komai. An mayar da wuta, ya sake kwaso kansa kamar yadda yake jiya. Na sa tambayoyin a inda za a karanta su kawai ba a canza ba. Manhajar gwajin ta ƙi hawa da farko, na sha wahala kafin na samo mata hanya, sau ɗaya kuma na manta ban ajiye gyara ba na sake daga farko. Na shiga saitin na'urar na ce duk sanda wuta ta dawo ta tashi da kanta, kada ta jira a danna mata. Sannan na zauna ina cire filogi ina mayarwa har hannuna ya gaji. Kowane karo tana dawowa.

Ranar da kwamiti zai zo gani, Gwaggo ta ce in sa babbar riga, ta ara mini ta mijinta. Alhaji Ummaru ya shigo da mutum uku a bayansa. Gajere ne mai faɗi, manomi kuma mai shanu, idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ina lura da shi yana auna ɗakin da ido. Aka gaisa, ya tambaye ni bisashe. Sai ya ce in yi bayani.

Na tuna shawarar Ɗanjuma, na taƙaita. Na ce, "Alhaji, na duba wurin, na zaɓa muku tsari marar nauyi."

Gwaggo ta rufe ido.

"Marar mi?"

"Marar nauyi, Alhaji. Wato..."

"Mun jiya." Ya juya ga mutanensa. "Kun ji ko? Taki in za a kawo muna, marar nauyi. Maganin feshi, marar nauyi. Yanzu ɗanmu na cikinmu ya tafi jami'a ya dawo, shi ma marar nauyi yaz zaɓa muna." Ya dawo kaina. "Yaro, dami in ka ɗaga ka ji ba nauyi, mi a ciki?"

Na ce babu tsaba.

"Mutum in an ce ba shi da nauyi fa?"

Ya nuna kwamfutar da yatsa.

"Na tafi Sakkwato, na ga kwamfuta. Hoto gare ta, da launi, da agogo. Kunna wagga in gani."

Na jona sikirin. Baƙin allo ya fito da 'yan layukan rubutu. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ta ƙone."

Alhaji ya ce, "Akwai mai nauyin ko babu?"

Gaskiya ita ce tana nan a wuyana. Kuma na san in na ɗora Hajiya a lokacin, za su ga hoto, za su yi murna, a yi addu'a a tashi, in koma gida da mutuncina. Ni mutum ne da ko a shago ba na iya ce wa mai kawo gyara a'a kai tsaye. Na ce, "Akwai, Alhaji. Ba zan sa ba."

"Ba za ka sa ba?"

"Ba zan sa ba. Wannan na'urar tsohuwa ce, ƙarfinta kaɗan ne. Duk abin da ta kashe wajen yin ado, a bakin yaran nan ta cire shi. Kuma ba ita za su kalla ba, waɗancan za su kalla." Na nuna laftof ɗin. "In an sa mai hoton, wataƙila ta yi mako, wataƙila ta fi. Ranar da ta tsaya babu mai tayar da ita a garin nan. Idan kwamiti ya ce lalle sai ita, a nemo wani ya sa, ni ba da hannuna ba."

Ina magana hannun babbar rigar yana ta zamewa daga kafaɗata. Gwaggo ba ta jira amsarsa ba, ta leƙa waje ta kira ɗalibai. Huɗu suka zauna gaban laftof, wasu suka tsaya da wayoyin iyayensu. Shafin ya buɗe wa kowa, da launinsa, da agogonsa yana ƙirga lokaci kamar na ainihin jarrabawa. Wata yarinya ta kama maus da hannu biyu, Gwaggo ta cire mata ɗaya.

Na ce, "Alhaji, don Allah cire filogin can."

"In cire?"

"Fizge shi."

Ya fizge kuwa, da ƙarfin da ya fi wanda na roƙa. Shafuka suka tsaya. Na ce ya mayar. Ya mayar, muka tsaya, ba wanda ya taɓa komai. Ina ta tuna duk abin da zai iya faruwa. Can wani yaro daga cikin masu waya ya ce, "Ta dawo." Alhaji ya sake cirewa ba tare da na ce ba, ya mayar, ta sake dawowa.

A nan ne daɗi ya kwashe ni. Na ce, "Ka gani, Alhaji? Ba ta buƙatar sikirin, ba ta buƙatar tebur, ba ta buƙatar kowa ya zauna gabanta. Ko a kan kantar bango aka ɗora ta za ta yi aikinta. Siginar ma tana kaiwa har ajin Malama."

Alhaji ya shafa gemu. Sai ya yi murmushi, karon farko tun shigowarsa.

"Kai kac ce ba ta son tebur."

"E, Alhaji."

"Ba ta son kowa gabanta. Kuma tana kai har aji."

"E."

"To mi za ta yi da ɗaki?"

Gwaggo ta ce, "Alhaji, ba haka munka yi da kai ba. Kac ce in ka ga ɗiya na aiki, ɗaki nasu na."

"Na gani, Malama, kuma na yaba. Aiki ba za shi tsayawa ba. A kafa mata kanta can bisa, gero shi zauna ƙasa, ɗiya su yi karatunsu cikin aji in an tashi. Kowa ya samu. Ɗanki na yaf faɗi, ba ni ba."

Na ce yara suna buƙatar wurin da za a bar laftof a shimfiɗe, kowa ya shigo sanda ya samu sarari. Na ce ƙurar gero ba ta da kyau ga na'ura, ga ɓeraye. Na faɗa da ƙarfi, ban sa wataƙila ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce ƙura a rufe ta da ƙyalle, ɓera a sa raga, kuma shi ɗakin da zai zuba geron makaranta ba shi da wani. Sauran dattawan suka ce gaskiya ne. Aka shafa fatiha.

A hanyar gida, da muka kusa zaure, Gwaggo ta juyo gare ni. Ta ce, "Da kac ce ba ka sawa, na ji daɗi har na ce ɗan yayana ya girma. Da ka tsaya nan."

Na ƙara kwana biyu. Kafinta ya kafa kanta kusa da rufi, muka kewaye ta da raga, na bi wayoyin da bututun roba saboda haƙoran ɓera, na fito da rauta ta saman taga ta fuskanci ajin Gwaggo. Alhaji ya sa aka ja wa masu caji tasu wayar zuwa baranda, don ba ya son a riƙa shiga masa sito. Ya kawo kwaɗo mai girman tafin hannu ya sa a ƙofar. Na lura cewa yanzu babu wanda zai iya kaiwa ga filogin, kuma duk garin babu ɗakin da ake tsaro kamar wannan, amma ban faɗa wa Gwaggo ba, don na ga ba lokacinsa ba ne. Wutar dai har yanzu tana ɗaukewa in rana ta yi sanyi, kuma na'urar tana tashi da kanta in ta dawo. Da Dattijo ne a bayan wannan kwaɗon ya tsaya jiran umarni, sai an nemo Alhaji daga gona, sannan a nemo ni daga Tambuwal.

Sambo ne ya dawo da ni Kebbe, ya ce bayansa ya huta. A shingen 'yan sa-kai Ɗanjuma ya tambaye ni ina mai ƙahon, na ce tana makaranta, ban ƙara ko kalma ba.

To wannan shi ne labarin. Masu cewa na kai wa mutane baƙin allo, e, na kai. Masu cewa da na sa Hajiya da Gwaggo tana da ɗakinta, mai yiwuwa haka ne, tunda Hajiya sai da tebur da sikirin za ta nuna adonta. Amma ban san amfanin ɗaki da na'urar da ta tsaya a ciki ba. Ban ce Ɗan Tsurut ya fi sauran ba. A wani wurin ni da kaina Dattijo zan sa. Na ce dai a wannan ɗakin, da wannan wutar, da wannan tsohuwar na'urar, ko yau aka sake tambayata shi zan zaɓa.

Bayan an gama shigar da gero Gwaggo ta kira ni. Ta ce buhuna sun kai rabin bango. Kullum in an tashi sai ta kwaso laftof ɗin daga ofishin shugaban makaranta ta kai aji, in an gama ta mayar, bayanta har ya fara ciwo. Yara suna layi, wasu ba sa samu sai gobe. Yarinyar bara ta dawo za ta sake zaman jarrabawar, yanzu ita ke nuna wa sauran yadda ake riƙe maus.

"Injinka na nan shina aiki, bai tsaya ba," in ji ta. "Ɗakina kuwa da bakinka ka ci mani shi. In an kwashe gero sai ka zo ka maido mani."

Ban san yadda ake ƙwato ɗaki daga hannun Alhaji Ummaru ba. Na ce mata zan zo.